Inuwar Jakar Ruwa a Cikin Huhu

Masu sauraro waɗanda Allah ya nufa da sauke farali sun san irin hidimar da a ke yi a Mina tun daga ranar 10 ga Zulhajji har kwanakin da ke biye. Alhazai su kan yi jifa, su yi hadaya, kana su yi aski. Dabbobin da a ke yankawa cikin waɗannan 'yan kwanaki, tumaki da awaki da shanu da raƙuma, sun fi gaban a ƙirga su da ido, a waɗansu shekaru ma su kan doshi miliyan guda. A da, nama mai yawa ya kan lalace a nan inda aka yanka shi, don ba masu ci, sai a haƙa ramuka a binne. A shekarar 1983 sai Gwamnatin Saudiyya ta danƙa wa Bankin Raya Ƙasashen Musulmi, wanda hedkwatarsa ke Jidda, aikin tsara yankan da rarraba naman. Yanzu a manyan mayankun Mu'aisim, nan kusa da Mina, a ke yin galibin aikin, a daskarar da naman, a raba wa matalautan Makka, saura kuma a aika wa mabukata a ƙasashe da dama.

A cikin waɗannan mayanku akwai likitocin dabbobi, aikinsu shi ne duba dabba kafin a yanka ta da kuma bayan an feɗe ta. Wani abu da su kan ci karo da shi a hantar tunkiya ko a huhun raƙumi shi ne wata 'yar jaka fara, zagayayya, cike da ruwa garai-garai, wata kamar ƙwallon goriba, wata kamar lemun zaƙi. Da sun gan ta sai su ware hantar ko huhun, a kai a hallaka. Mahautan Kano da na Sakkwato ma sun san ta, tun ba masu feɗe raƙuma ba, gama binciken da masana suka yi a mayankun waɗannan birane ya nuna raƙumi ya fi sauran dabbobi samunta, kuma a huhunsa ta fi zama.

To, wannan jaka ita kanta ta kan fito a huhun ɗan Adam. Mahauci da wuƙa ya ke ganinta. Likita kuwa ba shi da halin feɗe mutum don kawai ya leƙa, saboda haka tilas ya gane ta tun daga waje, da hoto. Yadda ya ke gane ta, da dalilin da ya sa kuskure a nan ke da tsada ƙwarai, shi ne abin da za a bayyana a shirin kimiyya na yau.

Asalin abin wata tsila ce da ke zaune a hanjin kare. Masana na kiranta Echinococcus granulosus. Ba ta yi kama da doguwar tsilar nan da mutane suka sani ba, wadda a kan samu ta wajen cin naman sa da bai dahu ba. Wannan 'yar mitsitsiya ce, tsawonta bai kai rubu'in inci ba, gaɓoɓinta uku ne ko huɗu. Kare guda ya kan ɗauki dubbansu a cikinsa yana yawonsa lafiya lau, ba abin da ya dame shi. Ƙwayayenta su kan fito tare da kashin karen, su watsu a kan ciyawa da ganye da bakin rijiya, waɗansu kuma su maƙale a gashinsa da bakinsa. Ido ba ya ganinsu sai da madubin likita. Tunkiya ta zo kiwo ta haɗiye su, sai jaka ta fito mata a hanta ko huhu. Ran da aka yanka ta, aka ga huhun bai yi kyau ba, aka jefa wa kare, sai abin da ke cikin jakar ya zama sababbin tsiloli a hanjinsa cikin mako shida ko bakwai. Haka abin ke zagayawa tsakanin kare da dabbar kiwo. Wani masani Bajamushe mai suna von Siebold shi ya tabbatar da haka wajen shekarar 1853, sa'ad da ya ciyar da karnuka irin waɗannan jakunkuna, ya kuma sami tsilar a cikinsu.

Mutum kuwa faɗawa ya ke yi cikin zagayen, a matsayin tunkiya. Ya shafa kare ya ci abinci bai wanke hannu ba, ko ya ci ɗanyen ganye da ba a wanke ba, ko ya sha ruwan da kashin kare ya gurɓata. Ya kamata a ji wannan da kyau, domin mutane da yawa su kan ɗauka a naman ne cutar ta ke. Wanda ya ci naman hadaya ko na layya ba zai kamu da wannan jaka ta hanyarsa ba. Ƙwan da ya fito daga kare shi kaɗai ke sa ta. Hukuncin nan da malamai ke karantarwa, na wanke ƙwarya sau bakwai in kare ya yi lallagi a ciki, lalle yana da amfani a nan, ko da yake yaron da ke wasa da ɗan kwikwiyo a bayan gari ba ya tambayar malami kafin ya kai hannu baki.

In ƙwan ya isa hanjin mutum sai ya ƙyanƙyashe, ɗan tayin da ke ciki ya huda bangon hanji da 'yan ƙugiyoyinsa shida, ya shiga jini. Jinin da ya taso daga hanji ta hanta ya ke fara bi, hanta kuwa kamar rariya ce, a nan mafi yawa ke maƙalewa, kusan bakwai cikin goma. Wanda ya kuɓuce ya wuce zuciya, daga zuciya sai huhu, rariya ta biyu ke nan, a nan kuma kamar biyu cikin goma ke tsayawa. 'Yan kaɗan da suka rage su ke kaiwa ƙoda ko ƙashi ko ƙwaƙwalwa. Inda ya tsaya duka, a nan ya ke gina jakarsa, ta yi ta girma sannu a hankali, shekara da shekaru. Hanta tana da tauri, ta kan tauye ta. Huhu kuwa taushi gare shi kamar soso, ba ya hana ta sakewa, shi ya sa ta fi saurin girma a cikinsa, balle a huhun yara, inda a kan sami wadda ta kai girman ɗan duma ta cika gefe guda na ƙirji. Duk da haka mai ita ya kan daɗe bai san yana ɗauke da kome ba. In ta fara damunsa, da ɗan tari ta ke farawa, ko ciwon haƙarƙari, ko haki, wani lokaci da ɗan jini a majina. Waɗannan alamu kuwa na cututtuka goma ne, ba nata ita kaɗai ba.

A nan ne Makka ta zama wurin da ya dace a yi wannan magana. A shekarar 2019 alhazai sun kusa miliyan biyu da rabi, daga kowace kusurwa ta duniya. Da yawansu daga ƙasashen da wannan cuta ta yi kaka-gida su ke, watau Turkiyya da Iran da Iraƙi da ƙasashen Afirka ta Arewa da Sudan da tsakiyar Asiya, inda makiyayi da karensa da garkensa ba su rabuwa. Ga shi kuma da wuya alhaji ya gama aikinsa bai yi tari ba, saboda cunkoso da ƙura da zafi. Wanda tarinsa ya yi tsanani a kan kai shi asibiti, a Mina ko a cikin gari, kamar Asibitin Al-Nur, a ɗauki hoton ƙirjinsa don a ga ko ciwon huhu ne ya kama shi. A irin wannan hoto ne, wanda aka ɗauka don neman wani abu dabam, jakar kan bayyana ba zato ba tsammani. In haka ta faru, likita ya san ba a Makka mutumin ya same ta ba. Daga gida ya zo da abinsa, wataƙila tun yana yaro ya haɗiyi ƙwan. Saboda haka ya ke tambaya: Alhaji daga wace ƙasa? Wace sana'a? Akwai karnuka a gida ko a ruga? Amsar waɗannan tambayoyi rabin karatun hoton ce.

Shi hoton ƙirji da wani haske a ke ɗaukarsa wanda ido ba ya gani, a na ce da shi eksire. Wani shaihun malami Bajamushe, Wilhelm Röntgen, shi ya gano shi a garin Würzburg ran 8 ga Nuwamba 1895, ya kuma ɗauki hoton hannun matarsa, ƙasusuwa da zobe suka fito sarai. Dabarar mai sauƙi ce. Hasken ya kan ratsa iska ba wuya, ya ratsa ruwa da tsoka da ƙyar, ƙashi kuwa ya tare shi. Inda ya ratsa sosai hoton ya kan yi baƙi, inda aka tare shi ya yi fari. Tun da lafiyayyen huhu cike ya ke da iska, baƙi ya ke fitowa, haƙarƙari su gitta a kansa farare. Duk abin da ya ɗauki ruwa a tsakiyar wannan baƙi tilas ya nuna kansa.

Jakar da ba ta fashe ba ta kan fito kamar farin wata daren goma sha huɗu: zagayayya, bakinta sumul kamar an zana da alƙalami, haskenta bai ɗaya tun daga tsakiya har gefe. Huhun da ke kewaye da ita kuwa lafiyayye ne, ba tabo. Ta fi zama a huhun dama, kuma ta fi son ƙasa-ƙasa. Likitocin da suka yi aiki kafin zuwan sababbin na'urori suna da wata dabara mai kyau. Su kan tsai da mutum gaban hasken suna kallo a allo, su ce ya ja numfashi ya cika ƙirjinsa. Ƙari mai tauri ba ya sake kama. Jakar ruwa kuwa ta kan ɗan miƙe, ta koma siffar ƙwai, kamar yadda salka ke yi in an matse ta.

In jakar ta soma lalacewa, hoton ya fi bayyana ta, don a lokacin ne ta ke nuna alamun da ba wata cuta da ke da irinsu. Don a gane su sai a san yadda ginin jakar ya ke. Daga waje akwai kauri da huhun mutum ya yi mata don ya killace ta. Ciki da shi akwai fatar tsutsar kanta, fara, mai santsi, kamar farin dafaffen ƙwai. A cikin wannan kuma akwai wata siririyar tantani mai rai, ita ke tsatso da ruwan, ita kuma ke haifar da dubban 'yan kawunan tsila, waɗanda ke kwanciya a gindin jakar kamar rairayi. To, in jakar ta girma har ta cinye bangon wata hanyar iska, sai iska ta kutsa tsakanin kaurin waje da fatar ciki. A hoto sai a ga wani siririn baƙi ya lanƙwasa a saman farin, kamar jinjirin wata. Likitan da ya ga wannan ya san fashewa ta kusa. In iskar ta ƙara shiga har cikin jakar kanta, sai a ga layi bisa layi kamar ɓawon albasa. In kuwa fatar ta yage gaba ɗaya, wani sashi na ruwan ya fita, sai ta ruguje ta faɗa kan sauran ruwan tana yawo. Ruwa a cikin kogo shimfiɗe ya ke kwanciya, samansa miƙe sak. Amma a nan sai a ga saman ya yi tudu da kwari, kamar ganyen bado a kan kududdufi. Likitoci ma sunan da suka ba ta ke nan a harsunansu, alamar bado. Wanda ya taɓa ganinta sau ɗaya ba ya mantawa.

Shi mai ciwon ma ya kan ba da labarin wannan rana. Ya kan ce tari ya turnuƙe shi farat ɗaya, ruwa mai gishiri-gishiri ya cika masa baki, da waɗansu fararen yage-yage a ciki. Wani ya kan tsira da haka. Wani kuwa ruwan ya shaƙe shi, ko jikinsa ya ƙi ruwan ya yi bore, ya kumbura, numfashi ya sarƙe, jini ya faɗi, in ba a kai shi ga likita nan da nan ba sai a rasa shi. In kuma cikin kogon ƙirji ta fashe, kowane ɗan kan tsila da ya zube yana iya zama sabuwar jaka.

Wannan shi ne dalilin da ya sa karanta hoton daidai ke da muhimmanci haka. Hausawa sun ce kama da wane ba ta wane. Farar inuwa zagayayya a huhu tana iya zama ciwon daji, tana iya zama dunƙulen tarin fuka, ko taruwar mugunya. In jakar ta fashe ƙwayoyin cuta suka shiga, sai bakinta ya yi kauri, kewayenta ya yi dishi-dishi, ta koma kamar kogon tarin fuka sak. Ba sau ɗaya ba, ba sau biyu ba, an ɗora mutum a kan maganin tarin fuka wata da watanni, alhali tsilar kare ce ke cinsa. Abin da ya fi wannan muni shi ne allura. Al'adar likita in ya ga ƙari a huhu bai san ko mene ne ba, ya kan soka doguwar allura ta tsakanin haƙarƙari ya ɗebo kaɗan a duba. Ga ciwon daji wannan daidai ne. Ga jakar ruwa kuwa, likita ya fasa da hannunsa abin da a ke tsoron ya fashe. Saboda haka a ƙasashen makiyaya a kan koya wa ɗalibin likita tun da wuri, in ya ga zagayayyar inuwa mai sumul, ya aje allura tukuna har ya tabbata ba ita ba ce.

Abin da ya kawo tabbacin shi ne na'urar nan da a ke kira siti sikan. Wani injiniya Baturen Ingila, Godfrey Hounsfield, shi ya ƙera ta, aka fara gwada ta a kan maras lafiya a wani asibiti a Landan a shekarar 1971, a 1979 kuma aka ba shi lambar Nobel tare da Allan Cormack. Ita ma da hasken eksire ta ke aiki, amma maimakon ta haska daga gefe guda, kewaya mutum ta ke yi, kwamfuta ta harhaɗa abin da aka samu, ta fito da ƙirji yanki-yanki kamar an yayyanka doya. Bugu da ƙari tana auna nauyin abin da ke kowane wuri. A ma'aunin Hounsfield, ruwa sifiri ne, iska kuwa 1,000 ƙasa da sifiri, tsoka da ƙari suna sama da ruwa. Likita ya ɗora alama a tsakiyar inuwar, in ya ga lambar tana kusa da sifiri ya san ruwa ne a ciki. A kan kuma ɗura wa mutum wani rini ta jijiya. Ƙari mai rai yana da jijiyoyin jini, ya kan sha rinin ya ƙara haske. Cikin jakar kuwa ba jini, yadda ya ke haka zai zauna. Na'urar ta kan nuna fatar da ta yage ta naɗe, da 'yan ƙananan jakunkuna da suka ɓuya bayan zuciya inda hoton farko bai kai ba. Gani ya kori ji.

Akwai kuma na'urar sauti, irin wadda a ke duba mata masu ciki da ita. Sauti ba ya ratsa iska da kyau, saboda haka a huhu amfaninta kaɗan ne, sai fa in jakar ta jingina da bangon ƙirji. A hanta kuwa ita ce sarauniya. Wani likita ɗan Tunisiya, Hassen Gharbi, shi ya rarraba kamannun jakar hanta gida biyar a shekarar 1981, daga baya Hukumar Lafiya ta Duniya ta gina nata tsari a kan wannan. Duk wanda aka sami jaka a huhunsa tilas a duba hantarsa, gama ƙwan da ya kai rariya ta biyu sau da yawa ya bar 'yan'uwansa a ta farko. Gwajin jini yana taimakawa, amma ba a dogara da shi shi kaɗai, domin jakar huhu da ba ta fashe ba ta kan killace kanta har jini bai san da ita ba, gwaji ya ce ba kome alhali tana nan.

In an tabbata, maganin jakar huhu galibi fiɗa ce. Likita ya buɗe ƙirji, ya kewaye wurin da ƙyallaye jiƙaƙƙu da ruwan gishiri mai ƙarfi don kada ɗigo ya zuba a wani wuri, ya fitar da jakar, ya ɗinke hanyoyin iskar da suka buɗe, ya bar wa mutum huhunsa. A kan bi da ƙwayar albendazole na wani lokaci don kada ta dawo. Ba a gaggawar ba da ita kafin fiɗa in jakar babba ce, don tana iya raunana fatar ta fashe. Alhajin da aka gano tasa a Makka, in ba ta nuna alamar fashewa ba, zai iya ƙarasa ibadarsa bisa shawarar likita. Abin da ya wajaba a kansa shi ne ya riƙe hoton da takardar da aka ba shi kamar yadda ya riƙe fasfonsa, ya kai su asibiti da ya isa gida. Abin takaici, da yawa da tari ya lafa sai takardar ta shige ƙasan akwati tare da tsaraba.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta a kowane lokaci mutane fiye da miliyan guda ne ke ɗauke da cutar wannan tsila da 'yan'uwanta, ta kuma lissafa ta cikin cututtukan da aka yi wa sakaci. Amma an taɓa korar ta daga ƙasa ɗungum. A tsibirin Aisland, can arewacin Turai, ta yi ɓarna ƙwarai a ƙarni na 19. Wani likita ɗan Denmak, Harald Krabbe, ya je ya bincika karnukansu, a shekarar 1864 aka buga ɗan littafinsa da harshen mutanen ƙasar, aka rarraba gida gida. Manoma suka daina ba karnuka kayan ciki, aka rage yawan karnukan, cutar ta yi ta ja da baya har ta ɓace. Ƙasar Niyu Zilan, mai ɗimbin tumaki, ta bi wannan hanya, ta haɗa da ba karnuka maganin tsila a kai a kai, a shekarar 2002 ta sanar ba a ƙara ganin cutar a garkunanta ba.

Abin da likitan dabbobi ke yi a Mu'aisim, sa'ad da ya ware huhu mai jaka ya hana shi kaiwa bakin kare, shi ne dai abin da manoman Aisland suka koya. Amma a ranar da a ke wannan yanka a Mina, a na yin irinsa a Kano da Katsina da Maraɗi da Damagaram, a ƙofar gida da zaure da bakin titi, inda ba likitan dabbobi ko ɗaya. Mai gida da mahaucinsa su ne masu dubawa. In sun ga jakar ruwa a hanta ko huhun ragon layya, sauran naman halal ne, lafiyayye, a ci a yi sadaka. Hantar ko huhun kuwa a ƙone su ƙurmus, ko a haƙa rami mai zurfi a binne, a danne da dutse yadda kare ba zai iya tonowa ba.